Mutum Bakwai a Tsaye

"Ba za ka shiga ba, Kawu."

"Wa zai hana ni?"

"Gwiwarka."

"Gwiwar nan ta ga abin da idonka bai gani ba."

"Ta gani. Shi ya sa ta daina lanƙwasuwa."

Yayana ne da Kawu, a ɗakin maigadi na garejin bas, ranar Asabar da hantsi. Ni ina bakin ƙofa a kan tsohuwar taya, ina cusa kwali cikin safa don kare ƙauri. Ban sa baki ba. Ba na sa baki a rigima, domin in na sa, hannu ke biyowa.

Yaya makanike ne, shi ne golanmu, shi ne kyaftin. Kawu wan innarmu ne, tsohon soja, maigadin gareji. Shi ne kocinmu, saboda shi kaɗai ke da usur.

Kawu ya ce, "Ƙirga da kyau. Kai, ƙanenka, Mai Faci, Mai Walda, Fenta, Kwandasta. Shida. Doka ta ce bakwai."

"Shekararka sittin da huɗu."

"Dokar ta faɗi shekara?"

Kawu ya matso kusa da shi.

"Sunana yana cikin fom ko ba ya ciki?"

"Don cika layi muka sa shi."

"To, yau layin yana neman cikawa."

A bayan gareji akwai fili. Ƙasa ce ja da tsakuwa, da ƙarafan raga da Mai Walda ya haɗa daga bututun ruwa. Ba shi da kyau, amma namu ne. Tun kafin a haife ni kamfani ya sa hannu a wata takarda da ƙungiyar ma'aikata, cewa muddin ƙungiyar ƙwallon gareji tana cikin gasar gari, ba a taɓa filin. Manaja kuwa yana da matattun bas goma sha ɗaya da suka tsaya masa a wuya. Manya daga babban ofis na shirin zuwa duba gareji, kuma yana neman inda zai tura bas ɗin a bayan gini.

Bai taɓa hana kowa wasa ba. Mutum ne mai son motsa jiki, haka yake faɗa a kowane taro. Jadawalin aiki kawai yake rubutawa. Sau biyu a bana ranar wasa ta zo 'yan wasanmu suna kan doguwar hanya da fasinja, muka kasa cika bakwai, aka rubuta mana fashi. Fashi na uku kora ce daga gasa. A wannan Asabar ɗin ya tura biyar hanya, ya ba ɗaya hutun dole, ya kuma manna takarda a allon sanarwa yana yi mana fatan nasara.

Abokan karawarmu 'yan kamfanin lemo ne. Su ke riƙe da kofi shekara uku. Suna da likita. Suna da wani mutum wanda aikinsa matsa cinya kawai.

Kawu ya zube notunan taya bakwai a kan tebur a matsayin 'yan wasa, ya kira sauran. Muka cika ɗakin, warin baƙin mai da gumi.

"Ku saurara. Ba mu zo cin ƙwallo ba."

"Wannan ai kowa ya sani," in ji Kwandasta. Bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza.

"Rufe min baki. Alƙali ba ya tambayar nawa aka ci ku. Mutum nawa ne a tsaye, shi yake tambaya. In ɗaya ya fita, da jan kati ko a kan gadon ɗaukar marar lafiya, an busa, fili ya tafi. Saboda haka doka uku. Ba gudu. Ba faɗuwa. Ba taɓa kowa."

"To mu zo da kujeru mana, Kawu."

"Hannu a baya," Kawu ya ci gaba, kamar bai ji ba. Ya miƙe, ya haɗa hannuwansa a bayansa irin na fareti. "Haka. Minti tis'in. Wanda hannunsa ke baya ba ya ture mutum, ba ya taɓa ƙwallo, ba ya marin kowa." Ya dube ni. "Da kai nake."

Jan kati biyu na samu a bana. Na sunkuyar da kai.

"Mu bakwai ne a gadar nan," in ji Kawu. "Kwana tara."

Fenta ya dubi rufi. Mai Faci ya fara gyara igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gareji ya ji labarin gadar. Soja bakwai, bindiga shida, rediyo ɗaya da ta mutu a rana ta biyu. An ce su tsare gada, suka tsare. Ko kaza ba ta haye ba.

Innarmu tana da nata labarin. Ta ba ni shi wata rana tana guga, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Gaskiya kawunku ya faɗa, ko kaza ba ta haye ba. Babu wanda ya zo. Yaƙin ta wata hanya ya bi. Mantawa aka yi da su. Da aka tuna, manya suka ga ba da lambar yabo ya fi bayani sauƙi."

Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ƙarfe huɗu suka iso da farar bas mai sanyi, ba irin tamu ba. Su ashirin da biyu, riga iri ɗaya, jaka iri ɗaya. Namu rigunan an rina su tare amma ba su koɗe tare ba. Manaja ya sa an kawo masa kujera da lema. Ya gaisa da kocinsu hannu biyu, ya ɗaga mana babban yatsa daga nesa.

Alƙalin wasa ya ƙirga mu. Ya sake ƙirgawa. Ya tsaya a kan Kawu.

"Baba, daga waje ake kallo."

Kawu ya miƙa masa katin rajista. Alƙali ya duba gaba, ya duba baya, ya nemi dokar da za ta cece shi bai samu ba. Sai ya hangi igiya a wuyan Kawu.

"Mene ne wannan?"

"Lambar yabo."

"Ba a shiga da ƙarfe a wuya."

Kawu ya cire ta, ya durƙusa da ƙyar, ya cusa ta cikin safa. Duk cikinmu shi kaɗai ya shiga da abin kare ƙauri na gaske.

Aka busa.

Minti na biyu suka ci. Na shida suka ƙara. Mun ja layi a gaban Yaya, hannu a baya, kamar masu jiran a duba musu farce a makaranta. Su kuma suna zagaye mu da ƙwallo. 'Yan kallo ba su fi ɗari ba, yawanci fasinjojin da basarsu ba ta tashi ba. Dariya suke har da riƙe ciki.

"Fareti ne ko ƙwallo?"

"Ku sara wa ƙwallon in ta zo wucewa!"

Kawu yana can kusa da raga, ba ya motsi, don haka babu zancen satar gida. 'Yan gabansu suna zuwa su tsaya kusa da shi su jira ƙwallo kamar masu jiran mota. Ɗaya har ya gaishe shi.

Yaya kaɗai ke da izinin amfani da hannu, kuma ya yi amfani da shi. Ya tare da tafi, ya tare da ƙirji, sau ɗaya da fuska. Duk da haka aka tafi hutu bakwai da nema.

Muka zauna a inuwar wata matacciyar bas. Leɓen Yaya ya fashe. Mai Walda yana numfashi kamar injin da ruwa ya shiga. Kwandasta ya kwanta rigingine.

"Kawu, a gadar taku ma haka aka yi ta zura muku?"

"Sha ruwa."

"Tambaya ce kawai."

"Mutum nawa ne a tsaye?"

"Yanzu dai babu ko ɗaya."

Kawu bai zauna ba. Ya san in ya zauna ba zai tashi ba.

Bayan hutu wani abu ya canja, ba a filin ba, a bakinsa. Da suka ci na takwas, babu wanda ya tafa. Na tara, wata mai sayar da ruwa ta yi tsaki da ƙarfi har aka ji. Na goma, aka fara yi musu ihu. Fasinjoji suka kira 'yan'uwansu, direbobin da suka dawo daga hanya suka hau rufin matattun bas. Duk lokacin da ƙwallo ta daki ƙafar ɗayanmu ta fita waje, sai a yi sowa kamar mun ci kofi. Wani yaro yana ɗaukar mu da waya.

Mai lamba tara nasu bai ji daɗin haka ba. Dogo ne, gashinsa da zane, shi ya ci shida daga cikin goman. Bai saba a yi masa ihu ba. Ya gane abin da muke yi, kuma wani ya gaya masa wane ne ni. Ya dawo ya manne da ni.

"Kai ne mai wankin bas ko?"

Na kafe idona a kan ƙwallo.

"Ka zo da soson? Takalmina ya yi ƙura."

Ya taka min yatsu, ya murza. Alƙali yana kallon wani wuri. Na matse wuyan hannuna na hagu da na dama a baya, har na ji jijiya tana bugawa.

"An ce kana da zafi. Ina zafin? Ko a bokiti ka bar shi?"

Na kalli tambarin da ke ƙirjin rigarsa. Na karanta sunan lemon sau ashirin.

A minti na saba'in aka buga wata ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta sami Kawu a gwiwar nan. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya tsaya kaɗan, kamar yana tunani, sannan ya zube.

Likitan 'yan lemo ya rugo da gadonsa. Manaja ya miƙe daga kujera, karo na farko, yana ɗaga hannu. "Ku taimaki dattijo! Lafiya ta fi komai! Ku fitar da shi!"

Alƙali ya zo da usur a baki. Ya cire ya ce wa Yaya, "Kyaftin, in ya fita, ku shida ne. Zan busa."

Yaya ya durƙusa. Gwiwar ta fara kumbura tun a lokacin.

"Ya isa, Kawu. Fili ne. Ƙasa ce da tsakuwa. Me zan gaya wa Inna?"

"Ka gaya mata ta dafa ruwan zafi."

"Kawu."

"Ku ɗaga ni."

"Ba za ka iya tsayuwa ba."

"Ban ce zan iya ba. Cewa na yi ku ɗaga ni. Ku kai ni jikin ƙarfe."

Ni da Mai Faci muka kama shi. Bai da nauyi, abin ya ba ni mamaki. Muka jingina shi da ƙarfen raga na dama. Ya mai da hannuwansa baya ya kewaye ƙarfen, ya sarƙe yatsunsa. Daga nesa sai ka ce soja ne a tsaye wajen aiki. Daga kusa kuwa gumi ke zuba daga haɓarsa, ƙafa ɗaya ce ke taɓa ƙasa.

Alƙali ya ciro ɗan littafinsa ya yi ta buɗawa. Babu inda aka hana ɗan wasa son ƙarfen raga.

Kafin in koma wurina Kawu ya kira ni a hankali.

"Na san uwarka ta gaya maka."

Na tsaya, na juyo.

"Gaskiya ta faɗa. Babu wanda ya zo." Ya gyara riƙon ƙarfen. "Amma mu ba mu san ba za su zo ba. Kowace safiya mun ɗauka ita ce. Tafi wurinka."

Aka ci gaba. Sha ɗaya. Sha biyu. Mai lamba tara ya daina neman kusurwar da babu kowa. Ƙwallo ta zo masa, raga a buɗe ta hagu, ya juya ya ɗirka ta dama, saitin Kawu. Ta wuce kunnensa. Ya sake samu, ya sake, wannan karon ta daki cinyarsa. Kawu ya yi wani sauti da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Bai saki ƙarfen ba.

Ban san lokacin da na isa gaban mai lamba tara ba. Hannuna na dama ya riga ya fito, ya dunƙule. Shi kuma ya miƙo haɓa yana murmushi, har ya ɗan lumshe ido, ya shirya faɗuwa. Alƙali yanzu yana kallo sosai, hannunsa a aljihun ƙirji.

"Hannu!"

Muryar fareti ce. Ta ratsa filin har kan rufin bas.

Na tsaya da hannun a sama. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan na mai da shi baya, na kama shi da ɗayan, kamar ɓarawon da na kama da kaina.

"Soso," in ji mai lamba tara.

Na ce, "Na ji."

Sun ci na sha uku. A minti na ƙarshe mai lamba tara ya sake samun ƙwallo, Yaya yana ƙasa, ya buga da duk ƙarfinsa. Ta daki Kawu a ƙauri, daidai kan lambar yabo, ta yi ƙara kamar an buga kwano, ta tashi sama ta fita. Ihun da aka yi, tsuntsaye suka tashi daga rufin gareji. Alƙali ya ƙirga mu, ya busa.

Sai da muka ɓanɓare yatsun Kawu ɗaya bayan ɗaya daga ƙarfen.

Sati uku yana kwance. Inna ba ta yi wa Yaya magana ba har kwana goma. A cikin sati ukun nan hoton da yaron ya ɗauka ya zaga gari, ya fita gari, ya isa babban ofis. Manyan da za su zo duba gareji suka zo da wuri, da masu ɗaukar hoto.

Manaja ya tare su a bakin ƙofa da sabuwar rigar ƙwallo a kan cikinsa. Ya yi jawabi. Ya ce tun ranar da ya kama aiki ya ga wuta a idon yaran nan. Ya ce da gangan ya bar mu bakwai, don duniya ta ga abin da ma'aikacin kamfaninmu zai iya. Ya ce shi bai yi barci ba ranar. Muryarsa ta karye a daidai wurin da ya kamata. Babban darakta ya share ido, ya ce irin wannan fili bai kamata a bar shi haka ba.

Ba a bar shi haka ba. Aka kwashe tsakuwa, aka zubo baƙar ƙasa, aka shimfiɗa ciyawa da aka kawo a nannaɗe kamar darduma. Aka sare ƙarafan Mai Walda aka kafa farare. Aka kewaye da waya mai tsayin mutum biyu. A saman ƙofa aka kafa allo: FILIN JARUMAI BAKWAI. Fenta ne ya rubuta, a lokacin aiki.

Ranar buɗewa aka jera mu a tsakiya, aka ce mu sa hannu a baya. Aka ɗauke mu ta gaba, aka ɗauke mu ta gefe. Kawu da sanda, aka ce ya ɓoye ta. Sannan aka ce mu fita a hankali, ta gefen layi, kada mu taka da yawa. Manyan ofis suka buga minti goma sha biyar da manyan kamfanin lemo, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka sha lemo.

Aka sa kwaɗo. Manaja ya damƙa wa Kawu makullin a gaban kowa, aka tafa.

Ciyawar, in ji sanarwa, tana bukatar hutu kafin ta kama. Ba a faɗi kwana nawa ba. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Injin ban ruwa yana juyawa safe da yamma, ni aka ɗora wa kunna shi, ta ramin waya. Matattun bas kuwa aka turo su farfajiyar wanki, inda nake aiki. Yanzu a bakin titi nake wanke masu rai.

A wata na uku wasiƙa ta zo daga hukumar gasa. Yaya ya karanta mana a ɗakin maigadi. Suna taya mu murna da jarumtar da ta ɗaga sunan gasa. Suna kuma sanar da mu cewa ƙungiyar da ba ta da filin karɓar baƙi ba ta cika sharaɗi ba, don haka an cire sunanmu daga kakar baɗi, da fatan alheri.

Kwandasta ya buɗe baki, ya rufe. Ranar farko ke nan da na ga haka.

Da yamma bayan tashi muka taru a ƙofar filin, mu shida, ba tare da wani ya kira wani ba. Ƙwallo tana hammatata. Ciyawar ta yi kore shar, ruwa yana sheƙi a kanta. Kawu yana zaune a kan benci a gindin allon, ƙafar a miƙe, makullin a igiyar wuyansa tare da lambar yabon da ta lotsa.

Yaya ya ce, "Minti goma, Kawu. Ba takalmi. Ba wanda zai sani."

"An ba ni oda."

"Kai ne fa na bakwai. Sunanka ne a sama."

"An ce in tsare."

Bai dube mu ba. Yana kallon titi, inda babu kowa sai bas ɗin da na bari da kumfa a jiki. Injin ban ruwa ya juyo, ya watsa mana kaɗan ta cikin waya, ya juya.

Ban saba magana ba, sai na ji ta fito.

"Kawu, gadar nan da kuka tsare. Da aka gama, wa ya haye?"